Inabi a Cikin Hanta

Madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa da ke kan teburin tsakiya kai biyu gare shi, domin mutum biyu su zauna suna fuskantar juna su ga abu ɗaya. A nan Auta ta fara ganin Dogo. Ranarta ta farko ke nan a sashen da likitoci ke koyon duba tsoka da ƙwayoyin jiki don gane cuta, kujeru duk sun cika sai wadda ke gabansa. Ta zauna ta sa ido, sai ga wata duniya mai launin shuɗi da ruwan hoda tana shawagi a hankali, don shi ke juya ɗan gilashin da aka shafa wa abin da ake dubawa.

"Kin ga abin da nake gani?" ya tambaya.

Ta ɗago, shi ma ya ɗago. Tsawo ya sa ya lanƙwashe a kan madubin kamar mai neman gafara, idanunsa kuwa suna dariya tun kafin bakinsa. Ta ce ta gani. Alhali tun da ya yi magana ba ta ƙara ganin komai ba.

Farfesa, dattijuwar da ke koyar da su, ba ta yarda likita ya ɓuya a bayan madubi ba. Kullum cewa take wanda zai karanta gilashi shi ya kamata ya ɗebo abin da ke kansa. Sai ta sa a kawo hantar saniya, a tura ƙwayar inabi a ciki, a cusa a safar hannu a ɗaure. Mutum ya laluba har ya ji inabin, ya danne shi da yatsu biyu, ya soka siririyar allura ya zuƙo, ya shafa a gilashi. In hanta ka ɗebo, ka yi kuskure.

Auta idonta ba na wasa ba ne, amma da ta riƙe allura sai hannunta ya ɗauki rawa. Mako bayan mako hanta take ɗebowa.

Dogo ya ɗauki sayen inabi aikinsa. Idan an tashi, su tsaya a ɗakin gwaji, rana tana shigowa ta taga tana kwanciya a kan kwalaben rini, shi yana ɓoyewa ita tana nema. Rabin inabin a bakinsa yake ƙarewa. Ya ce ai ladan malami ne.

Da ta isa gida saƙonsa na jiranta: "Idona, yau kin kusa. Inabin ya ce ya ji iskar allurarki ta wuce ta gefensa."

Ta mayar masa: "Ka gaya masa gobe ya yi sallama da danginsa."

Haka so ya shige su ba sallama. Ranar da ta fara samun inabin, ta ɗaga gilashin tana kallon ɗigon ruwansa a hasken taga, Dogo ya ce ai shi an daɗe da samunsa tun ba allura. Ta yi kamar ba ta ji ba, amma har ta kwanta maganar na mata yawo a kunne.

Iyayenta sun karɓe shi hannu bibbiyu. Matsalar daga wajen Mamarsa ta taso. Tsohuwar shugabar makaranta ce, in ta ce a'a ko allo sai ya yi shiru. Ta ji cewa 'yan sashensu kan yi binciken gawa, ta ce ɗanta da ya zaɓi wannan aiki ta haƙura, amma hannun da ke taɓa matattu ba zai raini jikokinta ba. Ta ce kada ma a kawo mata yarinyar. Ga 'yar ƙawarta nan, likitar yara, likita ta gaske.

Dogo ya ɓoye maganar yana ta lallashi a gida, har Auta ta hango shi a ɗakin cin abincin asibiti da likitar yaran suna magana ƙasa-ƙasa. Haƙuri yake ba ta, amma daga nesa haƙuri da hira kamarsu ɗaya. Da ya zo ya faɗa mata komai, zancen hannun ne ya fi yi mata ciwo. Ta daɗe tana kallon tafinta. Washegari ta koma madubi mai kai ɗaya a lungu.

"Idona, madubin nan ya yi mini yawa ni kaɗai," ya rubuto.

Ta karanta ta kife wayar. Kewarsa take ji har cikin ƙashinta, amma ba za ta shiga tsakanin ɗa da uwa ba.

Ana nan sai wani ƙullutu ya fito wa Mama a wuya. Aka turo ta sashensu a ɗebi ƙwayoyinsa a duba. Ɗa ba ya soka wa uwarsa allura, Farfesa ta kori Dogo waje, ta ce layin Auta ne, kuma yau babu inabi.

Auta ta shiga da takunkumi a fuska. Da ta yi shiru, Mama ba za ta taɓa sanin ko wace ce ba. Sai ta sauke shi ta gaishe ta.

"Mama, ni ce wadda kika ce kada a kawo miki. In kin fi so wani ya yi, yanzu zan kira."

Mama ta ƙare mata kallo daga kan gadon. Tsoro ya rage mata girma, ta zama tsohuwa kawai mai riƙe da jakarta a ƙirji.

"Yi aikinki," ta ce.

Auta ta goge wurin, ta laluba da yatsu biyu har ta ji ƙullutun ya tsaya. Ta gaya mata za ta ji ɗan tsini, kada ta haɗiyi yawu. Allura ta shiga ta fito. Ta shafa a gilashi, ta rina, ta duba a madubi mai kai biyu da aka kawo gefen gado. Jini ne kawai.  Farfesa na tsaye tana kallo.

"Ban samu ba, Mama. Ki yi haƙuri, sai na sake."

"Da kin ce kin samu, wa zai sani?"

"Gilashin zai sani. Ke kuma ki koma gida da amsar da ba taki ba."

Mama ta lumshe ido ta miƙa wuyanta. Wannan karon Auta ta manta da ɗan da ke tsaye a bayan ƙofa, ta manta da kanta, wuyan nan kawai take gani yana hawa da sauka. Hannun bai yi rawa ba.

Da ta duba, sai ta ja ɗaya kujerar ta ce Mama ta zo ta gani. Mama ta sa ido a ɗaya kan. Ƙwayoyi ne jere reras kamar saƙar zuma, shuɗi a kan ruwan hoda.

"Duk wannan a cikina yake?" ta tambaya a hankali.

Auta ta ce eh, kuma irin jerin da suke son gani ke nan, amma sai Farfesa ta gama dubawa za a ba da tabbaci. Mama ta daɗe ba ta ɗago ba.

Sakamako ya fito, ba mugun ƙari ba ne. A ranar Dogo ya shigo lungunta da leda ya ajiye a gefen madubin. Inabi ne fal. Ya ce Mama ce ta aiko, ta ce wannan na ci ne, kuma tana tambaya yaushe iyayen Auta za su iya karɓar baƙi. Auta ta rufe fuska da tafukanta tana dariya, hawaye na bi ta tsakanin yatsu.

Ranar biki, bayan taro ya lafa, Mama ta kira amarya gefe. Ta kamo hannunta na dama ta juya shi tana dubawa, sannan ta ɗora yatsu biyun nan a wuyanta, daidai inda allura ta shiga.

"Na yi wa hannun nan rashin adalci, 'yata. Allah Ya yi masa albarka, Ya ba ku zaman lafiya, Ya nuna mini ranar da zai miƙo mini jikana."

Dogo, da ke tsaye a bayansu ya sunkuyo kamar yadda ya saba, shi ya fara cewa amin.