Wutar Bayan Firji

Kindirmon Nevena ne ya tona asirin firjin. Da la'asar ta ɗanɗana, ta yatsina fuska, ta miƙo mini cokalin.

"Sha ka ji, babban makaniki. Duniya duk ta daskare, firjinka kaɗai ke zufa."

Raina ya sosu, don gaskiya matata ta faɗa. A motar kwananmu muke cin hunturu a gindin dutsen Rila, ni ina kula da kujerun igiya da ke hawa dutse da masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, ita tana gasa banitsa, wani burodi mai cuku, a kantin ƙasa. Ka ajiye cuku a waje ya zama dutse, ka bar shi a ciki hita ta lalata shi. Firjin da gas yake aiki. Akwai ɗan harshen wuta a bayansa, ta wata raga a jikin motar ake kai masa hannu daga waje. In sanyi ya tsananta sai wutar ta raunana, ruwan cikin bututu ya ƙi zagayawa, firji ya koma akwati kawai.

Na ɗauki sukudireba na fita, rana na shirin faɗuwa. Kawu Radoy, tsohon da motarsa ke maƙwabtaka da tamu, ya saɓa jaka zai sauka gari. Ya ga na nufi tukunyar gas a gaban mota.

"Stoyko, me za ka yi?"

"Kashewa zan yi in goge bakin wutar, Kawu."

"A filin nan ba a kashe wutar firji sai ƙanƙara ta narke. Goge ta a haka."

"In babbake girata?"

"Gira tana tsirowa. Akwai mai jin ɗumin wutar nan, ka bar masa."

Na ce giyar da ya sha da safe ce ke magana. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya kama hanya. Yana ba da baya na murɗe tukunyar.

Na kwance ragar, na durƙusa cikin ƙanƙara, na cire safar hannu. Bakin wutar yana can ciki, sai da na zura hannu har kafaɗa, kuncina manne da ƙarfen mota. Wani wari ya bugo ni. Ba na gas ba ne. Warin jiƙaƙƙen bargo ne da ya daɗe a ƙasa.

Na laluba. Bututu ya riga ya huce.

Sai na ji numfashi. Na riƙe nawa, wancan bai tsaya ba.

Yatsu suka naɗe mini wuyan hannu, dogaye, har suka zagaye sau biyu. Ba su ja ni ba. Riƙewa kawai suka yi, na ji ɗumin tafina yana zuƙewa kamar ana tsotsar ɓargo.

Na fizga. Ko motsi.

"Sanyi," aka ce, can ƙasan maƙoshi, daf da kunnena.

Ban san ina da tsoro irin wannan ba. Na bubbuga motar da gwiwa.

"Nevena. Buɗe tukunya. Ki koma ki kunna firji."

Ta fito da silifa tana mita, ta buɗe, ta leƙo. Da ta ga fuskata mitar ta tsaya.

"Me ya kama ka?"

"Kar ki matso. Je ki."

Ƙofa ta rufe. Ta cikin bango na ji tana danna maɓalli. Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas. Tartsatsi na fita, wuta ba ta kama. Ragowar gas ɗin bazara ne a tukunyar, irin wanda ke kwanciya in ya sha sanyi. Da ƙyar yake ci dama, ni kuma na kashe shi.

"Buta," na ce. "Ɗora ruwa. Ki kwara wa tukunyar."

Sanyin ya wuce gwiwar hannu. Gemuna ya daskare a jikin ƙarfe. Aka kashe injin kujeru a saman dutse, filin ya yi tsit, babu fitila a motar kowa. Ina jin butar tana ta ƙugi, ta ƙi tafasa.

Hannu na biyu ya fito ta ramin. Ya shafa wuyana, ya nemi inda jijiya ke bugawa, ya kwanta a wurin.

Barci ya fara fizgata, mai daɗi. Na ciji harshena.

Gudun silifa. Ruwa ya zuba, tururi ya taso. Gudu kuma.

Ƙyas.

"Stoyko, yi magana!"

Bakina ya ƙi buɗuwa.

Ƙyas. Ƙyas.

Fuu.

Shuɗin haske ya cika ramin, na gan shi. Ya nannaɗe a wurin da kyanwa ba za ta juya ba, gwiwoyi a kunne, fata fari fat, ido a rufe. A hankali ya zare yatsunsa daga jikina, ya tara tafukansa ga wutar.

Na faɗi da baya, rabin gemuna ya zauna a jikin mota.

A asibiti suka yanke mini yatsu biyu. Kawu Radoy ya kawo tukunyar gas ɗin hunturu da famfo mai baki biyu, ya nuna wa Nevena yadda ake sauyawa wuta ba ta ɗauke ba.

Da ƙanƙara ta narke kowa ya kashe tasa wutar, ya tada mota ya gangara. Su, abin nan leƙa wutarsu kawai yake yi ya wuce. Mu kuwa, in muka yi shiru muna cin abinci, muna jin numfashinsa a bayan firji. Ba a tada mota da gas a kunne, hanyar kuma duk gargada ce. Yanzu ciyawa ta rufe tayoyinmu, kuma daga ni har Nevena babu wanda ya kai hannu kan tukunyar.