Rukunin da Umma Ta Faɗa

Yayar Auta, saurayinta, ce ta tare mata ƙofar ɗakin asibitin da hannu biyu.

"Ke ce kika buga ƙuri'a da ran uwarmu? Kuma kina da idon zuwa nan?"

Ta leƙa ta saman kafaɗar Yaya, ta hango Umma kwance, bakinta ya karkace, hannun hagu a yashe kan zanin gado. Auta na zaune a gefenta. Ya ɗago ya ga wadda saura wata biyu a ɗaura musu aure, ya mayar da kansa ƙasa.

Wannan ya fi maganar Yaya ciwo.

Digiri na biyu take yi a fannin ƙididdiga. Bincikenta kan tsofaffi masu hawan jini ne: shin idan ma'aikaciyar jinya tana bin su gida duk mako tana auna su, shanyewar ɓarin jiki zai ragu? Ma'aikatan ba za su isa kowa ba, don haka aka raba tsofaffin gida biyu daidai. Rabi a riƙa ziyartarsu, rabi su ci gaba da zuwa asibiti yadda suka saba. Na'ura ce ke raba su, ba mutum ba. Ranar da mutum ya sa hannu, Farfesa ya faɗa mata tun farko, binciken ya zama tatsuniya.

Ita ce ta ja Umma ta sa sunanta. Umma da ke kiranta Mai Lissafi, tana tsokanarta cewa ko gishirin miya sai ta ɗauki matsakaicinsa.

Na'ura ta jefa Umma cikin waɗanda ba a ziyarta.

A lokacin Auta ya roƙe ta a mota, da dariya da farko. Da ya ga ba ta dariya, ya kashe injin.

"Masoyiya, kin san Umma da magani. Sai an tsaya a kanta take sha. Maɓalli ɗaya fa za ki danna..."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Ba zan yi ba. Ni da kaina zan riƙa zuwa ina auna ta."

Ta je kuwa, makonnin farko. Sai rubutu ya taso, Farfesa ya dawo mata da babi biyu jajawur da gyara, ta riƙa cewa gobe. A nan laifinta yake, ta kuma sani. Ba na'ura ce ta hana ta zuwa ba.

Ƴar ajinsu, wadda suke raba tebur ɗaya, ita ta kai wa Yaya labari. Dama tun ranar da Auta ya fara zuwa ɗaukar Mai Lissafi take tambayar ko yana da ƙani, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce wa Yaya da idonta ta ga sunan Umma a allon na'urar, ta ba da shawara a sauya, aka ƙi. Yanzu ita ke kai kular abinci asibiti.

Yaya ta aika gidan su Mai Lissafi cewa a dakata da maganar aure. Auta bai kira ba. Ita ma ba ta kira ba, don ba ta san da wace kalma za ta fara ba.

Ta gama aikin. Sakamakon ya fito fes: waɗanda aka ziyarta sun fi tsira nesa ba kusa ba. Ranar kare binciken malamai suka yaba, wani ya ce hukumar lafiya za ta so ganin wannan. Ita kuwa ɗigo ɗaya kawai take kallo a cikin zanen da ke bango. Ta san na Umma ne. Da shi aka cika hujjar da ake tafa mata a kai.

Ta fito ta zauna a matakala, takardun a cinyarta.

Takalmin Auta ta fara gani.

"An ce kin ci."

"An ce."

Ya zauna, ya bar tazara tsakaninsu. Ya ce ba zai yi mata ƙarya ba, har yanzu yana jin haushinta. Amma akwai tambayar da ta hana shi sakat: tunda rukunan biyu daidai suke, da ta matsar da Umma, uwar wa za ta tura gurbinta?

"Ban sani ba," ta ce. "Shi ya sa ban taɓa ba. Amma na ce zan riƙa zuwa, ban je ba. Wannan kada ka yafe min da wuri."

"Ban yi niyya ba." Ya miƙe, ya kaɗe wandonsa. "Taso. Umma ta ce a kawo ki. Ta ce Yaya in ta ɗaura mata abin awon jini kamar za ta ɗaure akuya."

An riga an sallamo Umma gida. Yaya na bakin ƙofar falo. Ba ta amsa gaisuwa ba, amma ta matsa gefe.

Umma na jingine da matasai. Maganarta ta yi nauyi, sai an kasa kunne.

"Mai Lissafi... kin ci?"

"Na ci, Umma."

"To madalla. Ban faɗi a banza ba. Zo ki auna ni, kin sha hutu."

Ta durƙusa, ta warware abin awon. Hannunta ya tafi ga hannun Umma na hagu, kamar yadda ta saba. Bai motsa ba. Ta tsaya riƙe da shi, idonta ya cika.

Umma ta miƙo mata na dama.

"Ga mai aikin nan. Ki zo duk mako, har a kawo ki gaba ɗaya."