Golmo da Katantanwar Ƙarfe

A daminar dubu biyu da shida, Monica ta Rikoto, matar marigayi Saje Ezekiel, ta yi asarar rabin dawar gonarta, da akuyar da ta yanka ba wanda ya ci, saura ƙiris ta haɗa da ɗiyarta tilo. Abin da ta samu kuwa suruki ne, da wani guntun ƙarfe mai kama da katantanwa. Har yau in aka tambaye ta cewa take ita ta ci riba, kuma duk kasuwar Zuru an san Monica ba ta faɗin haka sai ta ci ɗin.

Abin ya faro wata Lahadi bayan an taso coci. Tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, sai wata ƙara ta cika unguwa, kaji suka watse, faifai ya kife.

"Yesu! Mi ke nan? Harbi ake yi a bariki?"

Theresa ta leƙa ta katanga, ta juyo baki har kunne. "Mama, Abel ne! Mota ya saya!"

Abel makanike ne, yaro mai ladabi, ya daɗe yana neman Theresa. Monica ta yarda da shi bisa sharaɗi ɗaya: golmo. Yadda Ezekiel ya yi wa ubanta noma shekara da shekaru shi da abokansa kafin a ba shi ita, haka Abel zai yi mata. Ita ba ta sayar da ɗiya da takardar kuɗi.

Ta fita ta ga motar. Da can ja ce, rana ta cinye fentin, ƙofa ɗaya da waya aka ɗaure ta.

Abel ya durƙusa. "Mama, ina wuni? Tsohuwar 'yar Beljiyam ce, wani tsohon manjo ya yasar a garejinmu, araha na same ta. Amma fa tobo gare ta!" Ya ɗaga bonet ya nuna mata ƙarfen nan mai kama da katantanwa. "Shi ke hura iska cikin inji. In na gyara shi, Mama, ba motar da za ta ga bayana daga nan har Kontagora."

Jin sunan Kontagora sai fuskar Monica ta canja. Mijinta ya je yaƙin Laberiya ya dawo da ƙafafunsa biyu, direba mai tsere ne ya kashe shi a hanyar nan. Tun ranar ba ta sake sa ƙafa cikin ƙaramar mota ba.

"Da wane kuɗi ka saya?"

Abel ya sosa ƙeya. "Na kayan aure ne, amma zan..."

"To ka aure ta. Ga ta nan da tayoyi huɗu, ta fi ɗiyata ƙafa."

Ta shige gida. Theresa ta biyo ta tana hawaye.

"Haba Mama! In ya gama zai riƙa lodin fasinja da ita, bizines ne."

"Mai neman fasinja kujera yake gyarawa da birki. Wanga yaro iska yake gyarawa. Ke ba ki ji abin da ya ce ba?"

"Zai zo golmo, Mama. Ya yi mini alkawari."

"In ya zo, na yi shiru. In bai zo ba, kar in sake jin sunansa gidan nan."

Abel kuwa mota ta shiga kansa. Ya je Kaduna ya samo tobo da ya fi nata girma. Ya yanke salansar hayaƙi, ya sa faffaɗan tayoyi. Akwai wata 'yar ƙofa a jikin tobon da ke sakin iska in ta yi wa inji yawa. Ya sa walda ya liƙe ta, wai ɓarnar ƙarfi take yi. Samarin gari suka sa wa motar suna Guguwa. In ya taka ta sai ta yi fito, yara su bi shi da ihu. Theresa in ta kai masa abinci gareji, ƙafafunsa kawai take gani a ƙarƙashin mota.

"Abel, Asabar ce fa noman maimai a gonar Mama."

"No wahala, masoyiya. Da safe akwai ɗan gwaji da wani ɗan kanar da ke raina ni. Minti kaɗan, sai mu zo duka."

Ranar Asabar Monica ta yanka akuya, ta tuƙa tuwo, ta dama kunu, aka kai gona can hanyar Kanya. Ta gayyato Solomon, ƙanin marigayi, ya zo ya ga aikin surukinsa. Hantsi ya yi, ba kowa. Rana ta take, ba kowa. Matan gonar maƙwabta suka riƙa leƙe suna ƙus-ƙus. Kunu ya fara tsami.

Solomon ya yi tsaki. "Monica, wannan shi ne surukin?"

Theresa ce ta miƙe, ta ɗaure zane, ta ɗauki fartanya.

"Ina za ki?"

"Kunyar da zai nome zan fara, Mama. In ya zo ya ƙarasa."

Ta shiga cikin ciyawar da ta kai gwiwa tana noma tana share ido. Ba ta yi nisa ba sai ta kurma ihu ta faɗi. Solomon ya ruga, ya sa sanda ya kashe abin. Kububuwa ce, ta sare ta a idon sawu.

Daidai nan Guguwa ta iso da fitonta, samari cike suna ihun sun ci tsere. Abel ya fito yana dariya, dariyar ta mutu a bakinsa.

"Theresa! Mama, ku sa ta a mota, yanzu za mu kai asibiti!"

Monica ta dubi motar, ta dubi ƙafar da ta fara kumbura. Ta rungumi ɗiyarta ta shiga baya, Solomon ya zauna gaba.

Mota ta tashi kamar an harba ta. Itatuwa suka koma layi ɗaya. Suka cim ma akori-kurar Baba Talle, mai jigilar buhuna, tana tafiyarta a hankali. Abel ya danna mata hon ya wuce kamar tana tsaye.

"Rage, yaro!" in ji Solomon, ya riƙe ƙofar wayar da hannu biyu.

"Mama, jini a bakina," Theresa ta ce a hankali.

Monica, wadda ta tsani gudu duk rayuwarta, ta ji bakinta na cewa, "Taka, Abel! Taka!"

Ya taka har ƙasa. Fiton ya koma kururuwa. Wari ya cika mota, allurar zafi ta haye ja. A kan hawa sai ƙwal! ƙwal! ƙwal! Hayaƙi fari ya turnuƙe, Guguwa ta yi shiru. Iskar da ya hana fita ta fasa inji.

Ya murza makulli, ya sake murzawa. Ba ko tari. Ba gida kusa, waya ba sabis. Abel ya goya Theresa ya kama gudu bisa kwalta yana kuka yana kiran sunanta, Monica na biye ba ɗankwali.

Can sai ga ƙugi a bayansu. Akori-kurar nan ce. Baba Talle ya tsaya, ya ture buhuna aka kwantar da ita. A hankalin nan nasa ya kai su Zuru. Likita ya ce da sun ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai haƙuri.

Theresa ta daɗe kwance. Abel ya zo asibiti, Monica ta tare ƙofa.

"Saran nan naka ne, ita ta karɓa maka. Fita!"

Bai sake zuwa ba. Amma labari ya iso mata cewa kullum da sassafe ana ganinsa a gonarta shi kaɗai da fartanya, hannuwa duk kanta. Abokan ihu ko ɗaya bai biyo shi ba. Rabin dawar ciyawa ta riga ta ci, rabin shi ya cece ta. Theresa ba ta roƙi uwarta ba, ba ta kuma kula ɗan kanar da ya fara aiko da lemo ba. Duk wanda ya zo da magana sai ta ce, "Ni ina jiran Mama."

Bayan girbi dangin Abel suka zo da Fasto, aka shimfiɗa tabarma. Kawunsa ya ce yaro ya gyara injin, ya samu mai sayen mota a Yawuri, duk abin da aka biya na Monica ne.

"In sayar wa wata uwa makoki? A'a."

"To mu ƙara da saniya."

"Ina da wurin ɗaure ta ne?"

"Haba Maman Theresa," in ji Fasto, "ki faɗi naki mana."

Ta gyara zama. "Yaran yanzu kuna ganin wanda ya riga isa shi ya ci. Aure ba tsere ba ne. Mutumin da za a dogara da shi shi ne wanda in ya ce Asabar, Asabar ɗin za a gan shi. Ɗiyata ta yi haƙuri, shi ma na ga hannunsa." Ta juya ga Abel, wanda kansa ke ƙasa. "Motar kar a sayar. A sa mata birki da kujeru, ta yi lodi a hankali kamar ta Talle."

"Na yarda, Mama."

"Ban gama ba. Damina biyar na golmo."

Kawu ya zabura. "Biyar! Ai ya riga ya yi ɗaya shi kaɗai. Biyu dai."

"Huɗu."

Daga bayan labule aka ji muryar Theresa, "Mamaaa!" Tabarma duka ta kwashe da dariya. Monica ta danne tata da ƙyar.

"To, ku ji na ƙarshe, ba ragi. Damina uku daga baɗi, a ɗaura aure bayan ta farko. Sannan katantanwar ƙarfen nan da ke sa shi hauka, ya kwance ta da hannunsa ya kawo mini yau, in tokare ƙofar akurkin kajina. Wannan shi ne kuɗin ɗiyata."