Sajan Akuya

"Kowa ya kwanta!"

Harbi ɗaya aka yi sama, layin 'yan atamfa na kasuwar Azare ya watse. 'Yan fashi biyu ne, fuskokinsu naɗe da rawani. Dogon cikinsu, Jaji, ya haure teburin Kolade, Bayaraben da ya fi kowa babban shago a layin, ya fizgo akwatin ciniki. Kolade bai tsaya shawara ba, ya zari almakashin yanka yadi ya luma wa ɗayan, Ɗanladi, a cinya.

"Oga, ya soke ni!"

"Rufe min baki, mu ware!"

Amma hanya ta toshe. 'Yan kasuwa sun dawo da duwatsu da sanduna. Jaji ya shaƙo wuyan Kolade, ya ɗora masa bindiga a kunne. Mutane suka dare. Suka kutsa da shi lungun 'yan tukwane, suka ɓace. Hular Kolade kaɗai ta rage a ƙasa.

Kafin 'yan sanda su iso la'asar ta yi. Sufeto Bappa ya sa aka datse hanyoyin fita gari, sannan ya juya, kamar wanda ake tilasta wa shan maɗaci, ya ce a kira masa mai kare.

Mai karen shi ne Kofur Jalo, kuma a daminar nan ta 1989 babu ɗan sandan da ya kai shi shan dariya a ƙasar Katagum. An turo shi daga Bauchi da wani ƙaton kare mai suna Taiga. A barikin da aka horar da Taiga babu komai sai siminti da ciyawa. Bai taɓa ganin garin da akuya ke kwanciya a tsakiyar titi mota ta kauce mata ba. Fitarsu ta farko, a Chinade, suna bin sawun ɓarawo, Taiga ya saki sawun ya bi wata akuya har madafin gidan mai unguwa. Matan gidan suka yini suna wanke tukwane da ƙasa suna tsine wa gwamnati. Tun ranar sunan Taiga ya mutu, ya koma Sajan Akuya. Jalo kuwa ko a masallaci sai ya ga na kusa da shi yana janye riga. Abin yana cinsa, ba ya dai faɗa.

Iyabo, matar Kolade, ita ta miƙo masa hular da hannu biyu.

"Kofur, ta Baban Risikat ce. Da ransa suka tafi da shi. Don Allah."

"In sha Allahu, Maman Risikat."

Sufeto ya matso ya rage murya. "Jalo, ka ji ni da kyau. In karen nan ya sake kunyata ni, gobe za ku hau mota ku koma inda kuka fito."

Jalo ya kara wa Taiga hular a hanci. "Nemo!"

Karen ya sa hanci ƙasa ya ja. Lungun 'yan tukwane, bayan 'yan gishiri, kwana, wata kwanar. Sarƙa ta miƙe, Jalo na gudu, jama'a na biye. Zuciyarsa ta fara sanyi. Sai ga teburin mai tsire.

Taiga ya ci birki. Ya ɗaga kai, jela na kaɗawa, yawu na zuba.

"Saja zai yi kalaci!" in ji wani daga baya. Aka kwashe da dariya.

Jalo ya fizge shi, ya sake kara masa hular. Suka ci gaba. Ba su yi nisa ba wani jaki ya yi kuka, Taiga ya zabura kansa da haushi har ya kusa kayar da mai jakin. Jalo ya janyo shi da ƙarfi. Bai waiwaya ba, don ya san irin kallon da Sufeto ke yi masa.

Daga nan sawu ya miƙe sak zuwa kara, inda ake cinikin dabbobi.

A can gefen kara wata babbar mota ke tsaye, an loda mata awaki. Ƙarƙashin ƙafafun awakin an shimfiɗa katako, ƙarƙashin katakon kuma akwai wani sarari da bai wuce mutum ya kwanta ba. A nan su ukun suke, fitsarin dabbobi na ɗiga musu. An ɗaure Kolade, an cusa masa tsumma a baki.

"Oga, jini nake zubarwa," in ji Ɗanladi a hankali. "Ga haushin kare can."

"Shi nake jira," in ji Jaji. "Kana tsammani don sha'awa na kwanta ƙarƙashin bunsuru? Karen nan ko uwarsa ce a nan, akuya zai gani. In ma ya gane mu, wa zai yarda da shi? Danne bakin Bayaraben nan."

Da shigarsu kara Taiga ya rikice. Warin kashin shanu, warin fata, warin tumaki, duk suka taso masa lokaci guda. Ya yi dama, ya yi hagu, ya yi atishawa. Tumaki suka watse, dillalai na zagi. Can sai ya tsaya cak. Ya wuce wani garken awaki ko kallonsu bai yi ba, ya nufi motar. Ya shiga ƙarƙashinta, ya fito, ya kafa ƙafafun gaba a jikin katako yana karta. Bai yi haushi ba. Jelarsa ba ta kaɗawa, ta miƙe. Wani siririn kuka kawai yake yi.

Jalo ya lura da jelar. Ran akuyar Chinade ba haka take ba, gaban mai tsire ma ba haka take ba.

"Yallaɓai," ya ce, "ina ganin a sauke motar nan."

"A sauke me?"

Direban ya sauko yana sakace. "Ranka ya daɗe, in Saja akuya yake so, ya zaɓi ɗaya, sadaka. Amma Kudu za ni, dabbobin mutane za su mutu a zafi."

Kara ta ɗauki shewa. Har 'yan sandan da ke bayan Sufeto suka sunkuyar da kai suna dariya.

"Hau ka duba," in ji Sufeto.

Jalo ya hau. Awaki ne cunkus, ƙaho na gogar ƙaho, ko ƙasan motar ba a gani. Wani bunsuru ya ɗago ya yi masa kallon raini.

"Me ka gani, Kofur?"

"Awaki, yallaɓai."

"Ana can ana neman kashe mutum, kai ka kawo ni kallon awaki. Janye abin nan daga nan."

Jalo ya sauko ya ja sarƙa. Taiga ya turje. Ya sake ja, karen ya kafa farce a katako. Dariya ta ƙaru. Wani ya kwaikwayi kukan akuya a bayansa. A nan haushin wata da watanni ya taso wa Jalo gaba ɗaya, ya naɗe sarƙar a hannu ya zabga wa karen a haƙarƙari. Ya ƙara. Taiga ya yi ƙara ya saki. Haka ya ja shi a ƙasa, karen na waiwayen motar, har suka fita daga kara.

Sufeto da kansa ya ɗaga wa direban hannu. 'Yan sandan shingen bakin gari ma da suka ji warin awaki suka ce ya wuce.

Washegari da hantsi wani manomi ya zo da labari daga hanyar Katagum. Motar ba Kudu ta yi ba. An same ta a gefen wata gonar gero, awaki na yawo, direba ya gudu. Kolade na kwance a cikin kwari, ya riga ya cika. Kusa da shi Ɗanladi ne, da harsashi a ciki, da sauran numfashi.

"Jaji ne," ya ce da 'yan sandan suka kewaye shi. "Ya ce gurgu kaya ne, ba zai ɗauka ba." Idonsa ya sauka kan Jalo. "Kai ne mai karen? Wallahi farcensa a saitin kunnena yake karta. Bayaraben na ta motsi, ni na danne shi. Na gama sallamawa... sai na ji kana dukansa."

Babu wanda ya yi dariya. Sufeto ya kau da kai yana gyara hula.

Jalo ya durƙusa ya kwance sarƙar gaba ɗaya. Taiga ya shinshina sararin da ke ƙarƙashin katakon motar, ya shiga geron yana ɗingishi. Ya wuce awakin da ke kiwo, ya wuce wani garken shanu. A bakin kogi, cikin duhuwar ciyawa, ya yi tsalle.

Harbi! Ihu!

"Ku cire min shi! Na ajiye, na ajiye!"

Harsashin ya tsaga kunnen Taiga, amma bai saki hannun Jaji ba sai da aka sa ankwa. Har lokacin ɗan fashin warin bunsuru yake.

Ɗanladi bai kai asibiti ba. Jaji ya tafi kurkuku jiran hukunci. Shagon Kolade ya zauna a rufe. A rahoton Sufeto an yaba wa kare, ba a ambaci kara ba. Garin da ya yi dariya kuwa ya koma cewa dama shi ya san karen nan ba na banza ba ne.

Bayan an yi sadakar uku, Iyabo ta zo ofishin 'yan sanda karɓar hular. Ta tarar da Jalo a bayan gini yana shafa wa Taiga magani a haƙarƙari. Ya miƙe ya yi mata gaisuwa. Ta amsa, idonta na kan karen.

"Kofur, an ce a kara ya tsaya a jikin motar."

"Ya tsaya."

"Lokacin Baban Risikat na da rai?"

"Yana da rai."

Ta juya hular a hannunta.

"To, wa ya janye shi?"

Jalo ya buɗe baki. Akwai Sufeto, akwai direba, akwai mutanen kara da shewarsu, duk suna nan a kan harshensa. Ya dubi shatar sarƙa a jikin karen.

"Ni ne, Maman Risikat."

Ba ta zage shi ba. Ta sunkuya, ita da ba ta taɓa yarda kare ya raɓe ta ba, ta ɗora tafin hannunta a kan Taiga. Sannan ta miƙe ta wuce Jalo ta fita.