Ludayin Nono a Ƙofar Kufai

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan abu a wata ruga ya faru, bayan wani kufai, can inda ciyawa ke kai wa mutum ƙirji, ba gida ba gona sai ragowar ganuwa da tsofaffin ramukan marina.

'Yan'uwa biyu ne a rugar, Yalwa da ƙanwarta Dudu. Shanunsu wuri ɗaya suke kiwo, tafki ɗaya suke sha. Amma kullum ƙwaryar Dudu sai ta tumbatsa, ta Yalwa ko rabi ba ta kaiwa. Ran kasuwa gaban Dudu ake cincirindo. Yalwa ta yi ta yaƙe. Tana da ɗanta Gidado, ɗan yaye mai ƙiriniya, Dudu kuwa ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Wannan kam Yalwa ba ta tuna shi.

Yalwa ta tambayi ƙanwarta, "Ke me kike ba shanun nan naki?"

"Ciyawar Allah, Adda."

Sai Yalwa ta sa mata ido. Ta ga duk ran da Dudu za ta wuce tsohuwar ƙofar ganuwa, takan yi sallama, ta zuba ludayi ɗaya na nono a ƙasa. Al'adar mutanen da ce, kowa ya bari sai ita.

Wata rana da rana tsaka Yalwa ta bar Gidado yana barci, ta nufi kufan ita kaɗai. Ba sallama. Ta juye ƙwarya guda cur a bakin ƙofar.

Iska ta tsaya. Kurciyoyi suka yi tsit.

Ga wata tsohuwa zaune a kan ganuwa. Ta sauko, ta tako cikin nonon, amma ba sawu ko ɗaya. Da ta buɗe baki, daga ramin marina muryar ta fito.

"Ludayi muke karɓa. Wannan na mene ne?"

Yalwa ta ce, "Rabon Dudu nake so, Iya."

"Dukansa?"

"Dukansa."

"Ita kuma ta ɗauki naki?"

"Me gare ni? Ta ɗauka!"

Tsohuwar ta ce, "Je ki. An ba ki."

Yalwa ta ɗauki ƙwaryarta, ta ji ta da nauyi. Cike take, har da kumfa. Ta taho tana murmushi, tana hango fuskar Dudu ran kasuwa. Tun daga nesa ta ga hantsar shanunta ta yi tantsan.

Gidado ya tashi, yana bakin bukka yana kuka. Ta sauke ƙwarya ta miƙa hannu.

"Zo, ɗan Inna."

Yaron ya dube ta kamar baƙuwa. Ya ja da baya, ya ruga ya rungume ƙafar Dudu. "Inna, wace ce wannan?"

Yalwa ta koma kufan a guje, ta yi ta kira har muryarta ta dishe. Sai ciyawa ke kaɗawa.

Gidado ya girma, har ya yi aure. Goggo yake ce wa Yalwa. Nonon shanunta kuwa bai taɓa raguwa ba, kuma ba a sake ganin ta kai shi baki ba.

Ni dai na roƙe ku, kada wanda ya bi ta ƙofar nan shi kaɗai, balle ransa na kan abin hannun wani.