Mai Neman Hansai

Dab da magariba Hidaya ta koma ofishin ƙungiyar manoma a Wudil. Ita ta haɗa musu shafin intanet na neman sunayen masu karɓar taki. Kwamfutarsu ɗaya ce, ga tsufa. In tana jera sababbin sunaye a fihirisa, bincike ya yi nauyi. In masu bincike suka yi yawa, jerin ya tsaya. Shi ya sa ta mayar da jerin magariba, lokacin da kowa ke masallaci.

Amma kwana uku ke nan jerin na rarrafe.

Ta tarar da Ayuba, abokin aikinta, ya ƙura wa allo ido.

"Wani ke ta bincike," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba ya hutawa. Suna ɗaya yake nema."

Ta leƙa. Hansai 'yar Labaran.

Sunan innarta.

"Daga ina yake shigowa?"

"Ai tun la'asar na cire intanet."

Fankar kwamfutar na kuka. Ɗakin ya ɗauki ƙarnin laka, irin na bakin kogi. Ƙarƙashin teburi ruwa na ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Amsa ɗaya mai binciken yake samu: babu. Jerin bai iso sunayen garin Lajawa ba, inda sunan Inna yake, har da kwatancen gida.

Sai binciken ya tsaya cak, kamar mai shi ya gane shi ke tare hanya.

Jerin ya zabura. Sunayen garin Indabo suka ƙare.

Lajawa.

Hidaya ta danna tsayawa. Madannan a jiƙe, sanyi ƙalau. Numfashi ya sauka a ƙeyarta.

"Bar shi," aka raɗa. "Saura ƙiris."

Ba Ayuba ba ne. Yana can bakin ƙofa.

Ta yi a'uziyya, ta fizge wayar wuta.

Allon bai mutu ba.

Ta sunkuci kwamfutar, ta maka ta da ƙasa. Suka fita a guje.

Washegari Inna ta saurara har ƙarshe, ba ta yi mamaki ba.

"Ina shekara tara na faɗa kogi. Wanda ya fito da ni ya ce zai dawo ya ɗauki abinsa. A ranar Baba ya kwashe mu daga garin." Ta kama hannun Hidaya. "Ki cire ni, 'yar nan."

A sabuwar kwamfuta babu sunan Hansai. Yanzu a kasuwa Inna ke sayen taki. Da hantsi ake jerin, manoma na ta ƙorafin shafin ya yi nauyi.

Hidaya haƙuri kawai take ba su.