Katin da Sumaiya Ta Ɓoye

Bahijja na tsugune a tsakar gidansu da ke Tudun Wada tana wanke farar rigarta ta aiki, sai ga sallamar mata uku. Gwaggo Ishatu ce a gaba, ƙanwar Alhaji Yusha'u, mahaifin Jamaluddeen, saurayin da saura sati uku a ɗaura musu aure. Fuskar nan tata babu alamar fara'a. Ko tabarmar da Inna, mahaifiyar Bahijja, ta shimfiɗa ba ta kalla ba.

"Ba zama ya kawo mu ba. Alhaji Yusha'u ne ya aiko mu, a ba mu akwatunan lefenmu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Inna ta dafe ƙirji. "Lefe? Me muka yi?"

"Ku tambayi 'yarku! Ba ita ce ke yawo kasuwa-kasuwa da akwatin allurar korona ba? Har bidiyonta aka nuna wa Alhaji, ta miƙa hannu ana tsira mata. Ya ce allurar nan hana haihuwa take yi, shi kuwa ba zai kai ɗansa inda zuri'arsa za ta yanke ba."

Sabulun hannun Bahijja ya suɓuce. Tana ji tana gani aka fito da akwatuna shida, maƙwabta na leƙe ta katanga. Kai, ranar Inna ta yi kukan da ko a rasuwar mahaifiyarta ba ta yi irinsa ba!

Bayan la'asar Jamaluddeen ya zo, idonsa jawur. A zaure ya durƙusa mata, namiji guda.

"Don Allah Bahijja, ki ce wa Baba bidiyon nan wasa ne, ruwa aka tsira miki. Ki ajiye aikin, ko na wata biyu ne. Wallahi idan na rasa ki ban san yadda zan yi ba!"

"Haba Jamal! Wata nawa muka yi muna lallashin mutane? An rufe mana ƙofa, an watsa mana ruwan wanke-wanke, sai yanzu da aka fara yin layin allura zan fito in ce ƙarya nake? Matan da suka yarda saboda sun gan ni fa?"

"To ni fa?"

Akwai maganar da in ta faɗe ta yau, gobe akwatunan nan za su dawo.

Fiye da shekara guda ke nan, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Hanwa, wasu mata biyu suka shigo a ɗarare, suna waige-waige. Ta gane su nan take, don ta sha ganin hotonsu a wayar Jamaluddeen: Hajiya mahaifiyarsa ce da ƙanwarsa Sumaiya, amarya a lokacin. Mijin Sumaiya zai kai ta Umra, ba kuwa a tafiya sai da katin rigakafi. Ita Hajiya ciwon suga gare ta, ga maƙwabciyarta da cutar ta ɗauke cikin sati guda. Su ba su gane ta ba, takunkumi ya rufe mata rabin fuska. Hajiya ta riƙe mata hannu. "'Yar nan, ki rufa mana asiri. Maigidana ya ce duk macen da ta yi allurar nan ta tattara kayanta."

Auren Hajiya na shekara talatin da biyu! Shi za ta rushe don ta gina nata? Bahijja ta share hawaye ta ce, "Ka yi haƙuri Jamal. Ba zan yi ƙarya ba, ba kuma ni da abin da zan ƙara."

Kwana goma ta yi abinci ba ya wuce mata, amma kullum da safe sai ta saɓa akwatin allurarta ta fita.

Ran na sha ɗaya Alhaji Yusha'u ya zo da kansa, don su ƙarƙare magana da mahaifinta, Malam Isiyaku. Bahijja na daga ɗaki tana jin muryarsa a zaure. Can sai ga ƙarar keke napep a ƙofar gida, sai salatin Inna.

"La'ilaha illallahu! Maijego a waje? Ke Sumaiya, kwananki nawa da haihuwa?"

"Sha biyu, Inna. Sai jiya na ji abin da aka yi, ɓoye mini suka yi."

Bahijja ta fito da gudu. Sumaiya ta wuce zaure kai tsaye, jariri a kafaɗa, Hajiya na biye da ita tana kuka. Ta ɗora yaron a cinyar mahaifinta, ta ɗora wani koren kati a kan zanen goyon.

Alhaji ya miƙe zaune. "Kin haukace ne? Wa ya bar ki kika fito ko arba'in ba ki yi ba?"

"Baba, ka karanta. Sau biyu aka yi mini. Wata biyu bayan nan na samu cikin takwaranka, ga shi nan a cinyarka. Ka duba sunan wadda ta yi mini a ƙasa."

Ya zaro tabarau. Ya karanta, ya sake karantawa. Kafin ya ɗago Hajiya ta zube a gabansa, ta kwance bakin mayafi ta fito da nata katin.

"Har da ni, Alhaji. In korar ce na shirya. Ina kallo aka wulaƙanta yarinyar da ta rufa mini asiri, tsoro ya hana ni faɗin ni ma na yi allurar. Wallahi ban san ita ce ta yi mana ba sai jiya da muka ga sunanta a katin!"

Alhaji ya dubi yaron, ya dubi matarsa, sannan ya ɗago ya dubi Bahijja da ke raɓe a bakin ƙofa.

"Ke kin sani tun ranar da aka kwashe kayan nan?"

"Na sani, Baba."

"Kika yi shiru? Aurenki fa ake rabawa!"

"Amana ce, Baba. Duk wanda ya zauna a kujerata ya miƙo hannu, sirrinsa ya ba ni."

Dattijon nan da ko a makoki ba a ganin hawayensa, sai ga su suna bin gemu. Ya juya ga Malam Isiyaku. "Malam, na ji kunya. Maganar waya na ɗauka na zalunci 'yarka. Ka yafe mini." Ya ce wa Hajiya ta tashi, babu inda za ta.

Washegari Gwaggo Ishatu ta dawo da akwatuna, kanta a sunkuye, maƙwabtan da suka yi leƙe suka sake leƙowa. Ranar da aka sa tun farko, a ita aka ɗaura auren.

To 'yan'uwa, kafin ku raba masoya a kan abin da kuka ji a waya, ku tambayi masu ilimin abin. Wanda kuma ya riƙe amana alhali tana ƙona shi, Allah ba ya barin sa ya taɓe. Da aka yi wata goma Bahijja ta haifi 'ya mace, Alhaji Yusha'u da bakinsa ya ce a riƙa kiran ta Amana.